Jaka a baya, aboki a hanya: idan yaronka ya ce zai je yawon buɗe ido kudancin Kaduna

A tsibirai masu zafi irin su Zanzibar na Tanzaniya da Bali na Indonesiya, an saba ganin matasa daga ƙasashe daban-daban da jaka a baya, suna kwana a masauki mai araha, suna ƙulla abota da waɗanda ba su taɓa sani ba. Hotunansu a Facebook da TikTok sun sa matasanmu na Kano da Zariya da Kaduna sha'awar irin wannan tafiya. Mu a arewa ba mu da teku, amma muna da duwatsu da magangarun ruwa, kuma da yawansu suna kudancin jihar Kaduna.

Kusa da Kafanchan akwai magangarar ruwa ta Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga saman dutse. Ga duwatsun Kagoro, inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Ga ƙauyen Nok a ƙaramar hukumar Jaba, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Sai ƙasar Kauru mai tsaunuka da al'ummomi masu harsuna iri-iri, ciki har da Chawai.

Iyaye da dama sukan ce a'a tun kafin yaro ya rufe baki, kuma suna da hujja. Rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 da na bayan zaɓen 2011 ba su gushe daga zukata ba, ga kuma satar mutane da ta addabi ƙauyukan Kauru da maƙwabtanta. To amma hani kaɗai ba ya tsare matashi, wani lokaci ma sai ya sa shi tafiya a ɓoye. Gara a zauna da shi a shirya tafiyar.

Kakanninmu fatake ba sa shiga gari sai sun san mai masaukinsu, kuma ba sa tafiya sai cikin ayari. Wannan dabara tana nan da amfaninta. Kada yaro ya tafi sai yana da ɗan gari da zai karɓe shi, ko abokin makaranta ko wanda suka yi bautar ƙasa tare, kuma iyaye su yi magana da iyayen wancan ta waya. Ɗan gari ne ya san hanyar da ke da lafiya a wannan makon da wadda ba a bi. A gaida mai unguwa kafin a hau dutse, a yi tafiya da rana, a sauka kafin magariba.

Ta fuskar lafiya, a sa gidan sauro a jaka, musamman da damina. Zazzaɓin da ya taso a hanya ko bayan an dawo, a yi gwajin jini kafin a sha magani. Kada a sha ruwan rafi sai an tafasa. Idan gudawa ta kama, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Wanka a kududdufi ko ruwa kwantacce yakan jawo tsargiya, don haka wanda ya ga jini a fitsarinsa ya garzaya asibiti. A sa takalmi rufaffe saboda maciji. In ya yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi a kai mutum asibiti.

Game da sababbin abokai, a koya wa yara girmama abinci da addini da al'adar masu gida, tare da taka-tsantsan: kada su bayyana kuɗin da ke jikinsu, kada su bi wanda suka haɗu da shi a tasha zuwa wurin da ba a shirya ba.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Yaron da ya ci tuwon acca a gidan abokinsa a Kagoro, ya dawo da tsarabar citta, da wuya wani ya zuga shi gobe a kan mutanen wannan gida. In abokin ya zo Kano, ku ma ku shimfiɗa masa tabarma.