Fasahar Dijital da Sauyin Hanyoyin Nishaɗi a Ƙasar Kano: Misali Daga Ɗankaza

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda fasahar dijital ta sauya hanyoyin nishaɗi a ƙasar Kano, tare da ɗaukar Ɗankaza, ta cikin Ƙaramar Hukumar Wudil, a matsayin misali. Abin da ake nufi da dijital shi ne dabarar mayar da sauti da hoto su zama lambobi, waɗanda na'ura za ta iya adanawa, ta kwafa, ta aika. Kaset, idan aka yi ta juyar da shi daga wannan zuwa wancan, murya takan dusashe. Amma waƙar da ke cikin waya, ko sau dubu aka tura ta, ta ƙarshe daidai take da ta farko. Ra'ayin wannan takarda shi ne, babban abin da wannan dabara ta taɓa shi ne hanyar da mai wasa ke samun abincinsa, domin wanda ke biyan mai wasa shi ke jan akalar wasan.

2.0 Daga Dandali Zuwa Kaset

A Ɗankaza, kamar sauran garuruwan karkarar Kano, nishaɗi a da abu ne na taro, kuma yana da lokacinsa. 'Yan mata su yi gaɗa a dandali, yara su saurari tatsuniya bayan cin tuwon dare, in kaka ta yi a buga dambe da kokawa. Makaɗi yana ganin masu sauraronsa ido da ido, nan take kuma ake yi masa kari. Wanda ya shahara yakan sami ubangida, basarake ko attajiri, mai ba shi riga da doki. Saboda haka ne yabo ya cika waƙoƙin wancan zamani.

Rediyo ya faɗaɗa wannan fage. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna kuma a 1962, sai ga muryar Mamman Shata da ta Ɗanmaraya Jos a garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Daga baya kaset ɗin bidiyo ya zo. Fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ya buɗe kasuwar finafinan Hausa, Sangaya kuma a 1999 ya ƙarfafa al'adar sanya waƙa da rawa. A wannan mataki mai sayen kaset ne ubangida. Da yake kaset har cikin gida yake shiga, matan aure, waɗanda al'ada ba ta yarda su je sinima ba, suka zama manyan masu kallo. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa labaran soyayya da na zaman kishiyoyi suka yawaita.

3.0 Zuwan Wayar Hannu

Wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai a 2001, shekarar da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Da wayoyi suka soma ɗaukar katin ajiya, sai wata sabuwar sana'a ta ɓullo, wato ta masu tura finafinai. Saurayi daga Ɗankaza zai shiga Wudil ran Juma'a, ranar kasuwa, ya miƙa wayarsa ga mai kwamfuta, a zuba masa finafinai da waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan. In ya koma gida ya tura wa abokansa kyauta. Ta haka fim ɗaya yakan zagaye gari ba tare da kwabo ya kai ga wanda ya shirya shi ba. Cinikin faifai a wurare irin su Ƙofar Wambai ya faɗi, masu shirya fim da dama suka rasa jarinsu.

Su ma makaɗa abin ya shafe su. Mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta a ɗakin ɗaukar sauti yana iya fitar da amon kalangu da na 'yan amshi, har ya gyara muryar mawaƙi. Wannan ya sauƙaƙa wa matasa shiga harkar, amma ya rage masu zama su koyi kiɗa a hannun iyayensu.

4.0 Sabon Ubangida

Mafitar da aka samu ita ce fim mai dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta soma a 2014, ta gwada haka da Daɗin Kowa, sannan a 2020 Izzar So ya nuna cewa YouTube ma kasuwa ce. A nan mai kallo ba ya biyan mai fim. Kamfanonin waya yake biya kuɗin data, mai fim kuma ya sami rabonsa daga tallace-tallace, gwargwadon yawan waɗanda suka kalla. Wato dai ƙidaya ce ta zama ubangida. Shi ya sa ake jan labari mako-mako, a kuma yanke kowane kashi a daidai inda hankali ya tashi. A TikTok kuwa, inda bidiyo ke da gajarta, abin da ya fi jawo ido shi ke yaɗuwa, ko da bai da ma'ana.

Duk da haka akwai alheri. Ɗan karkara mai basira ba ya buƙatar sanin kowa a birni kafin a ji shi, Bahaushen Kumasi ko na Jidda kuma yana kallo rana ɗaya da na Wudil.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa nishaɗi ya tashi daga taron dandali ya koma tafin hannun mutum ɗaya. Abin damuwa shi ne, duk abin da bai tara masu kallo ba, kamar waƙoƙin daɓe da na niƙa, ba mai ɗaukar nauyinsa, tsofaffin da suka iya su kuwa suna ƙarewa. Shawarata ita ce sassan Hausa na kwalejojin ilimi su riƙa tura ɗalibai garuruwansu, su ɗauko waɗannan waƙoƙi da wayoyin da ke aljihunsu, da izinin masu su, a rubuta, a adana a ɗakin karatu. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, amma ba ya jiran jinkiri.