Darussan Horar da Yatsu Domin Masu Koyon Piyano

Piyano kayan kiɗan Turai ne mai madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Kafin mai koyo ya iya sarrafa su, wajibi ne ya horar da yatsunsa goma, musamman ƙaramin yatsa da na kusa da shi, waɗanda suka fi sauran rauni. Saboda haka ne malaman kiɗa suka tsara gajerun darussa, kowanne da matsalar da yake magancewa.

Carl Czerny na ƙasar Ostiriya, almajirin Beethoven, ya tsara littafi mai darussa 100 domin 'yan koyo. Friedrich Burgmüller ya tsara guda 25 masu daɗin saurare, daidai da ƙananan hannuwan yara. A shekarar 1873 kuma Hanon, mutumin Faransa, ya fitar da guda 60 na ƙarfafa yatsu.

Ana shawartar ɗalibi ya fara da sannu, hannu ɗaya bayan ɗaya, kana ya haɗa su. Idan wuyan hannu ya soma ciwo, lalle ya dakata, domin tilasta wa hannu yana jawo lahani mai daɗewa. Ya kamata iyaye su nema wa yaro malami tun farko, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.