Sana'ar buga zane: ana iya farawa da ƙwarya da reza

Duk shekara idan 13 ga watan Mayu ta ƙarato, wato ranar matan Nijar da ke tuna mana jerin gwanon da mata suka yi a Yamai a 1991, kasuwa kan cika da zanen da aka buga musamman don bikin. Haka ma ofisoshin gwamnati da ƙungiyoyin agaji na unguwar Filato, da wuya su shirya babban taro ba su ba da odar riguna da huluna da jakunkuna masu ɗauke da tambarinsu ba. Kuɗin nan hannun masu bugu suke shiga. Mu ƴan kasuwa sai dai mu saro mu sayar, alhali wani ɓangare na aikin ana iya yinsa a tsakar gida da ɗan ƙaramin jari.

Asirin sana'ar ɗaya ne: a wahala sau guda wajen shirya zane, sannan a buga shi sau ɗari. Hanyoyi huɗu ne suka fi sauƙi ga mai koyo.

Ta farko ita ce tambari. Ana samun katako mai taushi, ko roba, ko gutsuren ƙwarya, a zana fure ko suna, a sassaƙe wuraren da ba a so su fito. Abin da ya rage a sama shi ke ɗaukar tawada. A garin Ntonso, kusa da Kumasi a Gana, da tambarin ƙwarya ake buga zanen adinkra. Sai dai a kula: rubutu a juye ake sassaƙa shi. Kafin ki sa wuƙa, ki nuna zanen ga madubi. Idan ya karantu daidai a madubi, zai fito daidai a kan yadi.

Ta biyu ita ce takardar huji. Ana yanke siffar da reza a kan kwali mai kauri ko tsohon hoton asibiti, a shimfiɗa bisa yadi ko buhu, a dangwala fenti da soso. Kada a cika soson da fenti, domin zai kwarara ƙarƙashin takardar ya ɓata baki. Masu rinin adire a Abekuta suna amfani da wannan dabara: da farantin ƙarfe mai huji suke shafa kunun rogo kafin su tsoma yadin a baba.

Ta uku ita ce kaki, wadda ake kira batik. Ana narkar da kakin kyandir, a tsoma tambarin katako ko na soso, a buga a kan farin yadi. Idan aka sa a rini, inda kaki ya taɓa ba ya kama launi. Daga baya a tafasa ruwa a cire kakin. Atamfar Holan da muke tsadarta daga nan ta samo asali: kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a 1846, batik ɗin tsibirin Java na Indunusiya ya kwaikwaya da inji. Mai rini ta sa safar hannu ta roba, ta kuma nisantar da yara, domin sodar da ake haɗawa tana ƙona fata.

Ta huɗu ita ce serigarafi, wadda da ita ake buga yawancin rigunan taro. Ku ɗauke ta kamar rariyar tankaɗe: yadi mai ƙananan ƙofofi da aka ɗame a kan katako. Ana shafa masa wani magani a inuwa, ya bushe, a ɗora zanen baƙi a kai, a nuna wa haske. Inda haske ya taɓa sai ya daskare, inda zanen ya rufe sai ya wanke da ruwa. Ta nan tawada ke bi idan aka ja ta da faffaɗar roba. Kowane launi da rariyarsa, shi ya sa zane mai launi uku ya fi mai launi ɗaya tsada, kuma riga 100 ta fi riga 10 araha a kan kowace ɗaya.

Ko wace hanya aka bi, a wanke sabon yadi tukuna don sitatin kamfani ya fita. A sayi tawadar yadi, domin fentin bango yana tsagewa. Bayan ta bushe, a ɗora ƙyalle a bi ta da dutsen guga mai zafi na ƴan mintoci. Ga mai ba da odar ankon biki kuwa, ki nemi a buga miki guda ɗaya, ki wanke da sabulu, ki shanya a rana kafin ki biya sauran kuɗi. Ki kuma karanta sunan amarya da kwanan wata sau biyu, domin kuskure ɗaya a rariya kuskure ne a kan riguna duka.

Ina za a koya? A gidan tarihi na ƙasa Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959 kusa da gadar Kennedy, akwai rumfunan masu sana'ar hannu da ke aiki a gaban jama'a, har da masu batik. Akwai kuma ƙauyen masu sana'a na Wadata, da bajekolin SAFEM na sana'o'in mata. A je a gani da ido, a yi tambaya, a nemi zama ɗan koyo.

Mai kilishi, mai turaren wuta, mai sabulu, kowa na bukatar sunansa da lambar wayarsa a kan kaya, don wanda ya ji daɗi ya san inda zai dawo. A fara da wannan. Idan hannu ya faɗa, maƙwabciyar rumfa ce za ta fara kawo oda. Allah Ya ba da kasuwa.