Dalilin Ruɓewar Kayan Gwari A Motocin Sanyi Daga Arewa Zuwa Fatakwal

Fatakwal – Fataken da ke kai kayan gwari daga Arewa zuwa kasuwar Rumuokoro da ke Fatakwal, da kuma kasuwannin Anaca da Inugu, sun daɗe suna tafka asara saboda ruɓewar kaya a hanya. Tumatir daga Kadawa da Kura a Jihar Kano, da kabeji da karas daga Jihar Filato, sukan kwana a kan hanya kafin a sauke su, domin daga Kano zuwa Fatakwal tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce.

Mutane da dama na ganin motar firji ita ce maganin wannan matsala. Sai dai sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da kaya, rage musu hanzari kawai yake yi.

Ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin da ke wannan ɓarna ita ce Pectobacterium, wadda a da ake kira Erwinia. Tana zaune a cikin ƙasa da gurɓataccen ruwa, kuma tana shiga ne ta inda kaya ya ƙuje ko ya tsage. Da zarar ta shiga sai ta narkar da sinadarin da ke riƙe tsokar kayan, ya zama ruwa mai wari. Ruwan nan ya ɗiga kan na ƙasa, su ma su kamu. Wake ɗaya, in ji Hausawa, shi ke ɓata gari.

Laima ita ce ke ƙara mata ƙarfi. Idan aka kashe firji don tsimin man dizal, ko aka yi ta buɗe ƙofa a shingayen hanya, raɓa za ta kwanta a jikin kaya, cutar ta samu wurin yaɗuwa.

Haka kuma kowane kaya da sanyin da yake so. Kabeji da karas suna son kusa da digiri 0 a ma'aunin Selshiyos, tumatir kuwa digiri 10 zuwa 13. Sanyin da ya wuce haka yana raunana tumatir, ya ruɓe da wuri bayan an sauke shi.

Saboda haka tun wurin lodi ake gyara. A tsince masu rauni, a bar kaya su tsane, a huce musu zafin gona, a zuba su a akwatunan roba maimakon kwanduna masu tsaga su, sannan a wanke motar da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kowane kwandon da ya ruɓe, farke ne ke ɗaukar asarar, mai saye a Rumuokoro kuma ya gamu da ƙarin farashi.