Ciki ya cika, amma kashi nawa ne na gina jiki? Lissafin furotin a kwanon gidajen Diffa

Jama'a masu saurarenmu a bakin Komadugu, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Yamai, Maiduguri, Agadas ko Libiya, akwai wata magana da ma'aikatan lafiya ke yawan maimaitawa idan an kai yaro awo: "yana ci, amma abincin ba ya gina shi." Uwa ta dawo gida tana mamaki, don ita ta san ba ta bar ɗanta da yunwa ba. Maganar tana da lissafi a bayanta, kuma lissafin ba shi da wuya.

Ƙarfin da jiki ke samu daga abinci ana auna shi da kalori. Abu uku ne ke bayar da shi: sitaci da sukari, sai mai, sai furotin, wato sinadarin gina jiki. Giram ɗaya na sitaci yana ba da kalori 4, na furotin ma 4, na mai kuwa 9. A rahoton da hukumar lafiya ta duniya OMS da hukumar FAO suka fitar a 2003, sun ce ya kamata kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini ya fito daga furotin. Masu rabon agaji irin su PAM suna lissafa kalori 2,100 ga mutum ɗaya a yini, kashi 10 zuwa 12 daga furotin. Idan aka mayar da shi awo, giram 52 ne zuwa 63. Baligi mai kilo 60 yana bukatar kimanin giram 50.

To mu ɗora abincinmu a kan wannan ma'auni. Hatsi, wato gero, yana da furotin kimanin giram 11 a cikin kowane giram 100. Dawa ma kusan haka. Mutumin da ya ci rabin kilo na hatsi a yini, tuwo ne ko burabusko ko fura, aka sa masa mai cokali biyu a miya, ya samu kalori sama da 2,000 da furotin kusan giram 55. Kashi 10 da ɗoriya ke nan. Ka ga a takarda hatsi ya ci jarrabawa.

A sauya hatsin da farar shinkafa, awo ɗaya, mai ɗaya. Shinkafa giram 7 take da shi a cikin 100, sai furotin ya sauko zuwa giram 35, kashi 7 kacal. A sauya da garin rogo, wanda ake jiƙawa da sukari ko a kwaɗa da mai da yaji: rabin kilo ba zai ba ka fiye da giram 5 ko 6 ba. Kashi 1 ko ɗan sama. Ciki ya yi nauyi iri ɗaya a duka ukun, mutum ya tashi yana cewa ya ƙoshi. Shayi mai sukari da ake sha sau uku a yini shi ma yana ƙara kalori ba tare da furotin ko ƙwaya ɗaya ba, don haka yana ƙara jan kason ƙasa.

Amma kada masu hatsi su saki jiki. Furotin ba abu ɗaya ba ne dunƙule, ƙananan tubala ne kusan 20 da jiki ke harhaɗawa ya gina tsoka da jini da fata. Tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙerawa, dole sai an ci. Ɗaya sunansa laisin, kuma shi ne ya yi ƙaranci a hatsi da dawa da masara. Kamar magini ne da aka tara masa ƙasa da ruwa amma ba azara: sauran kayan suna nan jibge, ɗaki ba ya rufuwa. Wake yana da laisin sosai, kifi da nono da ƙwai da nama kuwa sun haɗa tubalan duka. Shi ya sa kashi 11 na tuwon hatsi da miyar kuka zalla ba daidai yake da kashi 11 na tuwon da aka ci da wake ko kifi ba. Kakanninmu da suke dama fura da nono, suke dafa shinkafa da wake, ba su san sunan laisin ba, amma haɗin da suka yi shi ne daidai.

Akwai wani tarko kuma. Idan abincin gaba ɗaya bai kai ba, kamar lokacin da rumbu ya ƙare kafin kaka, jiki yana ɗaukar ɗan furotin da ya samu ya ƙone shi don neman ƙarfi. Kaso na iya zama 12 a lissafi alhali mutum yana ramewa, don kashi 12 na rabin kwano ba komai ba ne.

Abin da ya sa wannan magana ta fi zafi a jiharmu kowa ya sani. Kafin 2015 kifin tafkin Cadi da na Komadugu yana shiga tukunya ko da ba a saya ba: masunci ya ba maƙwabci, mai banda ya bar gutsattsari. Bayan hare-haren da aka kai Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana su da cinikin kifi, aka hana na tattasai, sannan a watan Mayu aka kwashe mutanen tsibirai. An ɗage haramcin tattasai a 2017, na kifi a 2019, amma iyalai da yawa har yanzu ba su koma bakin ruwa ba. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta ƙara cinye gonakin wasu. Gidan da ya rasa koma da gona da saniya ya koma dogaro da kasuwa, a kasuwa kuma mai ƙaramin kuɗi abin da zai cika ciki yake fara nema: shinkafa, taliya, gari. Ba wanda zai ga laifinsa.

Gyaran ba ya bukatar rago. Busasshen wake yana da furotin kimanin giram 23 a cikin 100. A rage shinkafar nan zuwa giram 450, a zuba wake giram 100, sai furotin ya koma kusan giram 55, kason ya hau zuwa 10. Busasshen kifi ya fi rabinsa furotin ne, don haka giram 30 na banda, abin da bai cika tafin hannu ba, yana ba da giram 15 zuwa 18. Ƙwai ɗaya giram 6. Ƙuli-ƙuli, soyayyar fara, kindirmo, nonon raƙumi na wajen Ngigmi, duk suna cikin lissafi. A ganina ma gutsattsarin banda da ake rainawa a gindin kwali ya fi kowane abu araha idan aka auna da abin da ke cikinsa.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne yaro daga wata 6 zuwa shekara 2. Cikinsa ƙarami ne, kuma abin da aka saba ba shi koko ne tsararo, ruwa ya fi gari yawa. Ya sha kofi ya ƙoshi, amma ƙarfin kaɗan ne, furotin ɗin ya fi kaɗan. A yi kunun da kauri, a sa garin soyayyen wake ko na gyaɗa, ko a daka kifi a tankaɗe ƙayar a zuba cokali ɗaya, a ci gaba da ba shi nonon uwa. Maganar cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo kuwa, ba mu taɓa jin alƙalin da ya kama ƙwai da laifi ba. Ku lura da abincin nan na leda, Plumpy'Nut, da ake ba yara masu tamowa a gidajen likita: leda ɗaya kalori 500 ce, furotin ɗinta kashi 10 zuwa 12 ne kawai, ba wani adadi mai ban tsoro ba, sai dai an haɗa gyaɗa da madara a ciki don tubalan su cika. Magani ne na yaron da aka rubuta wa, ba na rabawa da yayyensa ba. Idan kuma ƙafafun yaro sun kumbura, aka danna da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, ko igiyar awon damtse ta nuna ja, ba lokacin gyaran kunu ba ne, a kai shi CSI mafi kusa ranar nan.

Ku kuma da ke aiko da kuɗi daga waje, mun san yadda wayar take: "a sayi buhun shinkafa da jarkar mai." Buhun yana da kyan gani a tsakar gida, amma shi da man duka suna jan kason furotin ƙasa. Idan za a sayi shinkafa kilo 25, a haɗa da wake kilo 5 ko 6, wato tiya biyu da ɗan ƙari, a bar wa uwargida wani abu na kifi da nono a kowace ranar kasuwa.