Malaman Jami'a a Kujerar Ba da Shawara: Bamgbose da Emenanjo da Ɗalhatu Muhammad a Aikin Keɓaɓɓun Kalmomi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1977 Gwamnatin Tarayya ta fito da Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, sannan ɗalibi ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, wato Hausa da Igbo da Yarbanci, ban da nasa. Tsarin Mulkin 1979, a sashe na 51, ya ƙara da cewa Majalisar Tarayya na iya gudanar da aikinta da waɗannan harsuna idan an yi tanadin da ya dace. Abin da takardun biyu ba su faɗa ba shi ne: da waɗanne kalmomi malami zai bayyana ƙwayar sauti ko yankin suna alhali shi kansa da Ingilishi aka koya masa su? Wannan giɓi ne aka kira malaman jami'a su cike. Maƙalar nan za ta dubi uku daga cikin waɗanda suka jagoranci aikin, ta nuna yadda binciken kowannensu ya yi tasiri a kan irin shawarar da ya bayar.

2.0 Majalisar da ta Ɗauki Nauyin Aikin

Majalisar Binciken Ilimi ta Nijeriya ce ta fara ɗaukar nauyin aikin. A 1988 aka haɗe ta da wasu hukumomi uku, ciki har da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa, aka sami majalisar da aka sani da NERDC. Majalisar ba ta ƙirƙiro kalmomi da kanta ba. Ƙungiyar nazarin kowane harshe ce ke tara malamai a yi bita, a tafka muhawara, a miƙa sakamakon ga edita. Ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomin Yarbanci ya fara fitowa a 1984 ƙarƙashin Ayo Bamgbose. A 1990 kuma aka buga na Igbo ƙarƙashin E. Nolue Emenanjo da abokan aikinsa biyu, da na Hausa ƙarƙashin Ɗalhatu Muhammad, da kundi na biyu na Yarbanci wanda Oladele Awobuluyi ya shirya.

3.0 Ayo Bamgbose

An haifi Bamgbose a 1932. Ya yi digirin farko a Ibadan, sannan ya tafi Jami'ar Edinbara inda ya kammala digiri na uku a 1963 ƙarƙashin M.A.K. Halliday. Daga wannan kundi aka sami A Grammar of Yoruba, wanda ya fito a 1966, ya kuma zama shehun malami a Ibadan a 1968.

Amma aikin da ya kai shi kujerar ba da shawara ɗan ƙaramin littafi ne na 1965 mai suna Yoruba Orthography. A cikinsa ya bi rubutun da aka gada daga 'yan mishan na ƙarni na 19, ya auna shi da yadda ake furuci. Ya nuna cewa babu dalilin rubuta aiye tunda aye ake faɗa, babu kuma dalilin ninka baƙi a sunayen garuruwa irin su Otta da Iddo, domin Yarbanci ba ya da ɗaurin baƙi irin wanda Hausa ke da shi a hannu ko dabba. Kwamitocin da hukumomin Yamma suka kafa a 1966 da 1969 sun tattauna ire-iren waɗannan gyare-gyare, aka amince da daidaitaccen rubutu a 1974. Shekara tara ke nan tsakanin shawara da amincewa, a kan al'amarin da hujjarsa ba ta da wani ruɗani.

Mai yiwuwa wannan jira na daga cikin abin da ya karkata hankalinsa daga nahawu zuwa tsara manufar harshe. A littafinsa Language and the Nation na 1991 ya zayyana cututtukan manufofin harshe a Afirka: kauce wa batun, da faɗar magana mai harshen damo, da yanke hukunci ba tare da bincike ba, da sauya manufa duk lokacin da gwamnati ta sauya, da yin shela ba aiwatarwa. Duk wanda ya karanta sharaɗin da ke sashe na 51, wanda aka maimaita a sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999, zai gane inda maganar ta dosa.

4.0 Nolue Emenanjo

Matsalar Igbo ta sha bamban. Rigimar haruffa kaɗai ta ɗauki fiye da shekara 30, daga ziyarar Westermann a 1929 har zuwa 1961, lokacin da kwamitin S.E. Onwu ya raba gardama. Abin lura, Onwu likita ne, ba masanin harshe ba. Wataƙila rashin kasancewarsa a ɗaya daga cikin ɓangarorin ne ya sa aka saurare shi. Bayan haruffa sai tambayar wane karin harshe za a ɗauka ma'auni, kuma a nan ƙungiyar raya harshen Igbo da F.C. Ogbalu ya kafa a 1949 ta yi rawar gani.

Emenanjo, wanda aka haifa a 1943 ya rasu a 2016, mutumin Ibusa ne a yammacin kogin Kwara, wato ba daga yankin da aka ɗauki karinsa a matsayin na tsakiya ba. Littafinsa Elements of Modern Igbo Grammar na 1978 ya bayyana daidaitaccen Igbo a matsayin abin da ke ɗibar kaya daga kare-kare daban-daban. Da wannan fahimta ya shiga aikin keɓaɓɓun kalmomi: in wani kari yana da kalmar da ta dace, a ɗauko ta kafin a je aro. Ya koyar a Jami'ar Fatakwal, shi ne kuma shugaban farko na Cibiyar Harsunan Nijeriya ta Ƙasa da ke Aba.

5.0 Ɗalhatu Muhammad

Biyun farko masana nahawu ne. Na ukun kuwa manazarcin waƙa ne, kuma wannan bambanci ya cancanci a tsaya a kansa.

Hausa ta shiga aikin da ƙafar dama. Hukumar Hausa da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1955 ta riga ta fito da ƙa'idojin rubutu, an yi taron Bamako na 1966, da na Kano na 1972, da na Yamai na 1980 wanda ya kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. Haka kuma ƙarnoni na karatun Larabci sun bar wa Hausa kalmomi irin su nahawu da baiti da ƙafiya da fi'ili. Saboda haka tambayar da ke gaban masu aikin ita ce ta zaɓi tsakanin rijiyoyi uku: Larabci, da Ingilishi, da Hausar gida.

Ɗalhatu Muhammad, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Landan a 1977 a kan waƙoƙin Aƙilu Aliyu, shi ne kuma ya shirya diwanin Fasaha Aƙiliya. Tun a 1973 ya buga maƙaloli biyu a fitowa ta uku ta mujallar Harsunan Nijeriya: ɗaya jerin kalmomin nazarin adabi ne, ɗayar kuma sharhi ne a kan waƙar "Hausa Mai Ban Haushi", wanda ya rubuta da Hausa. Muhimmancin haɗa su biyun shi ne bai tsaya ga ba da shawarar kalmomi ba, sai da ya ɗora musu kaya ya ga ko za su ɗauka. Kalmar da ta yi kyau a jeri tana iya yin tuntuɓe a cikin jimla, kuma sai wanda ya gwada rubuta sharhi na shafuka da dama zai gane haka.

A dubi kalmar jigo. A Hausar yau da kullum jigo shi ne itacen da ke riƙe da guga a lambu, ko ginshiƙin da abu ya dogara a kansa. Da aka ɗauko ta aka ba ta ma'anar saƙon da waƙa ta ginu a kai, ba a buƙaci dogon bayani ba, har ma ta haihu: furucin jigo, warwarar jigo, ƙananan jigogi. Irin wannan faɗaɗa ma'ana ce ta mamaye ɓangaren harshe na Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi. Saiwa ta bar gona ta koma tushen kalma. Naso, wanda aka sani a jikin tufa ko bango, ya zama tasirin sauti a kan maƙwabcinsa. Ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya sun nuna wa ɗalibi wurin da ɗafi ke zama ba tare da an zana masa hoto ba. An kuma yi amfani da ƙirar kalmar Hausa: daga ganɗa aka sami ganɗantawa, daga leɓe leɓantawa, daga aiki aikatau. Inda aro ya zama dole an yi shi, kamar giredi a rabe-raben aikatau da F.W. Parsons ya fito da su a 1960.

Ba a ce aikin ba ya da rauni ba. Kano da Zariya da Sakkwato kowacce ta riga ta saba da wasu kalmominta kafin 1990, ƙamus kuwa ba doka ba ne. Aikatau ta rinjayi fi'ili a makarantun boko, amma malamin da ya taso a zaure bai ga abin da ya hana shi riƙe tasa ba. Ɗalibin da ya sauya jami'a yakan tarar da abu guda da suna biyu, wani lokaci kuma suna guda a kan abu biyu, wanda shi ya fi muni a ɗakin jarrabawa. Duk da haka, ƙamus ɗin ya ba sassan Hausa abin dogaro wajen koyarwa da rubuta kundayen digiri da Hausa, tun daga na farko har na uku.

6.0 Tsakanin Shawara da Hukunci

Abin da majalisa da editocinta ke da iko a kansa shi ne kalmomi. Harshen da za a koyar da yara da shi kuwa hukuncin gwamnati ne. Hujjar bincike ba ta yi ƙaranci ba: gwajin Ife na shekara shida, wanda Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin kansa. Fafunwa ya riƙe Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya daga 1990 zuwa 1992, amma ko a lokacinsa tsarin bai zama na ƙasa baki ɗaya ba.

Sai a Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa har aji shida na firamare, ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya kuma yarda cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke manufar da mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai, bisa hujjar yawan faɗuwa a jarrabawa a yankunan da ya ce sun fi rungumar harshen uwa. Malaman harsuna da dama sun ƙalubalanci wannan hujja, suna cewa manufar da ba a kai ga tanadar mata littattafai da malamai ba, ba za a ɗora mata laifin sakamakon jarrabawa ba.