Layi Shida Kacal: Mu Buɗe Tagarmu Ta Farko A Kwamfuta

Da yawa daga cikinmu mun fara koyon rubuta manhaja ne a kan baƙin allo mai fararen haruffa, sai gwiwarmu ta yi sanyi, muka ɗauka harkar ta masu ƙwaƙwalwa ce kawai. Abin da ya dawo mana da sha'awa shi ne ranar da muka ga taga ta buɗe da sunan da mu muka raɗa mata. Ku ma za ku iya a ɗakin kwamfutar makarantarku.

Yaren da za mu yi aiki da shi shi ne Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holand ya fitar a 1991. Kyauta ne. A Windows yana zuwa tare da Tkinter, kayan gina tagogi, da kuma IDLE, inda ake rubutun. Da zarar an saka shi, ba sai kun sayi data ba.

Ku buɗe sabon fayil a IDLE, ku rubuta:

import tkinter as tk
taga = tk.Tk()
taga.title("Manhajata")
tk.Label(taga, text="Sannu da zuwa").pack()
tk.Button(taga, text="Fita", command=taga.destroy).pack()
taga.mainloop()

Ku adana, ku danna F5.

Layin farko ya ɗauko kayan aiki. Na biyu ya gina tagar, na uku ya ba ta suna. Na huɗu ya sa rubutu, na biyar ya sa maɓallin rufewa. Na ƙarshe shi ne mai gadi: yana zaune yana jiran ku danna wani abu, sannan ya aiwatar. Idan kuka cire shi kuka buɗe fayil ɗin kai tsaye, shirin zai ƙare kafin ku ga komai.

Kurakurai uku sun sha kayar da mu. Na ɗaya, Python yana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka tk da Tk ba ɗaya ba ne. Na biyu, kada ku sa wa fayil ɗinku suna tkinter.py, domin zai ɗauko naku maimakon na ainihi. Na uku, idan kuka manta pack, rubutun ba zai bayyana ba.

Aikin wannan mako: ku sauya gaisuwar da sunan makarantarku, ku ƙara maɓalli na biyu. Idan jan rubutu ya fito, kada ku rufe; ku karanta shi, yakan faɗi lambar layin da matsalar take.